Daga Bakin Teku Zuwa Ƙauye: Ina Sabis Ya Maƙale?

A ƙauyuka da yawa na ƙasar nan akwai wani wuri da yaro da babba suka sani, ana ce masa wurin sabis. A wani gari kan tudu ne bayan makarantar firamare, a wani gindin wata kuka, a wani kuma sai an hau dutse. Da la'asar sakaliya za ka tarar da mutane a tsaye, kowa ya ɗaga wayarsa sama yana jiran sanda ɗaya ta fito. Akwai mai son jin lafiyar ɗansa da ya tafi ci-rani Legas, akwai mai jiran alat na kuɗin masarar da ya sayar, akwai wanda matarsa ke kan gwiwa yana neman mai mota ya zo ya kai ta asibiti. Mutanen birni kan ba da labarin nan a majalisa a yi raha. Ni kuwa takaici yake ba ni, domin an haura shekara ashirin da shigowar wayar salula Najeriya, kuma wannan tudun shi ne rabon da miliyoyin 'yan ƙasa suka samu.

Duk wanda ya yi wayo kafin 2001 ba zai raina abin da aka cim ma ba. A zamanin NITEL, kamfanin tarho na gwamnati da aka kafa a 1985, layukan tarho da ke aiki a faɗin ƙasar ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga jama'a fiye da miliyan 100. Samun layi sai da hanya, kuma ko ka samu, ruwan sama ɗaya na iya kashe shi na makonni. Mai ɗan'uwa a Makka ko a Kumasi sai dai ya ɗauki murya a kaset ya damƙa wa matafiyi, ko ya je ofishin NITEL ya bi layi tun da sassafe. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin salula a kan dala miliyan 285 kowanne. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Layi a lokacin ya kai Naira 20,000 ko fiye, kira kuma Naira 50 a minti, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi ba don suna so ba, farashin layi ya faɗi warwas. Etisalat ta biyo baya a 2008. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. A cikin duk abubuwan da aka buɗe wa 'yan kasuwa a ƙasar nan, da wuya a nuna wanda ya canza rayuwar talaka kamar wannan.

To amma nasarar ce ta sa muka saki jiki. Muka ɗauka tunda kasuwa ta kawo waya Kano da Kaduna da Maiduguri, ita ce za ta ƙarasa da ita har rugar Fulani da ƙauyen da ke bayan gulbi. Kamfani ba haka yake lissafi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kafin ya kafa turken sadarwa sai ya ƙirga mutum nawa ne a kewayen, nawa kowannensu zai kashe a kati da data a wata, nawa man gas zai ci, wa zai yi gadi, ta wace hanya tankar mai za ta bi da damina. Idan lissafin bai fita ba, ba zai je ba. Ita kanta NCC ta bayyana cewa a 2013 akwai yankuna 207 da sabis bai kai ba, masu ɗauke da mutum kusan miliyan 37, kuma zuwa 2022 sun ragu zuwa 97, masu mutum kusan miliyan 27. An samu ci gaba, amma miliyan 27 ya kai yawan jama'ar wata ƙasa guda a Afirka ta Yamma. Wanda ya san yadda ƙasa take da faɗi a Borno da Yobe da Neja da Taraba da Zamfara, da yadda ƙauyukanta suke a warwatse, ya san inda mafi yawan waɗannan mutane suke.

Matsalar ta fi ƙarfin turke kaɗai. Intanet ɗin da muke amfani da shi ta ƙarƙashin teku yake shigowa, cikin igiyoyin fayiba da aka shimfiɗo daga Turai. Tsawon shekaru igiyar SAT-3 ce kaɗai, a hannun NITEL. A 2010 MainOne ta Funke Opeke da Glo-1 suka iso, sai WACS da ACE a 2012, sai Equiano ta Google a 2022, sai 2Africa da kamfanin Meta ke cikin masu ita. Kusan dukkansu a gaɓar Legas suka sauka. Abin da ya iso bakin tekun ya fi abin da ƙasar ke iya sha a yanzu nesa ba kusa ba. Lamarin ya yi kama da madatsar ruwa da aka cika maƙil amma ba a haƙa magudanan da za su kai ruwan gonaki ba. Daga Legas zuwa Kano akwai tazarar kusan kilomita 1,000, zuwa Maiduguri kuma ta fi haka sosai, kuma masu harkar sun daɗe suna kokawa cewa ɗauko data daga Legas zuwa cikin ƙasa ya fi ɗauko ta daga Landan zuwa Legas tsada. Wannan tsadar a kan wa take sauka? A kan ƙaramin kamfanin intanet da ke son buɗe harka a Gusau ko Damaturu, wanda daga ƙarshe sai ya haƙura. A kan jami'ar da ɗalibanta ke zagaye ɗakin karatu da dare suna neman inda za su sauke takarda ɗaya.

Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyi huɗu suka tsinke a teku daura da gaɓar Kwaddibuwa. Bankuna suka rikice, manhajojinsu suka ƙi buɗewa, aka yi kwanaki ana fama. Mutanen Legas da Abuja suka ɗanɗana na 'yan kwanaki abin da mutumin karkara ke sha kullum, jaridu suka cika da labari. Da aka gyara, aka manta.

Inda nake son mu tsaya mu dubi kanmu shi ne batun kuɗin izinin haƙa. Duk kamfanin da zai binne igiyar fayiba a gefen hanyar jiha sai ya biya gwamnatin jihar a kan kowace mita. Tun a 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni duka ke cikinta, ta amince a tsayar da kuɗin a kan Naira 145 kowace mita. Da aka tashi daga taro, jihohi da dama suka koma gida suka ci gaba da karɓar dubbai. Ekiti, misali, Naira 4,500 take karɓa kafin ta sauko zuwa 145 a 2020. Yi lissafi da kanka: a tsohon farashin, kilomita ɗaya Naira miliyan huɗu da rabi ke nan tun ba a sayi igiya ba, ba a biya lebura ba, a sabon farashin kuwa Naira 145,000. A shekarar ce Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya, wasu jihohin kuma suka bi sahu a hankali. Amma ko a inda aka rage a takarda, kamfanoni na kukan cewa ana dawo da shi ta bayan gida, da sunan kuɗin takardar nema, kuɗin duba muhalli, kuɗin gyaran hanya, harajin janareta, harajin ƙaramar hukuma. Wani lokaci jami'an tara haraji kan garƙame turke da kwaɗo, mai ya ƙare a ciki, unguwanni su wayi gari babu sabis.

Gwamnan da ke kallon turken sadarwa a matsayin wurin tatsar kuɗin shiga yana cutar jiharsa ne da hannunsa. Jihar Legas za ta iya tsawwala farashi, kamfanoni su biya suna gunaguni, domin kasuwar tana can. Jihar da ke nesa da teku, mai ƙauyuka a warwatse, mai talauci, ba ta da wannan gatan. Idan ta tsawwala, kamfani zai kwashe igiyarsa ya kai wani wuri. Saboda haka jihohin Arewa ne ya kamata su riga kowa yafe kuɗin, su kuma ɗora da abin da ya fi yafewa: duk sabon titin da gwamnati za ta gina, a binne bututun da igiya za ta bi a gefensa tun ana aikin, a riƙa ba kamfanoni haya a kan farashi mai sauƙi. Haƙa ita ce ta fi cin kuɗi a aikin fayiba. In an yi ta sau ɗaya lokacin da katafila ke wurin, an huta.

Akasin haka muke yi. Kamfani ya binne igiyarsa, bayan shekara ɗan kwangilar hanya ya zo da katafila ya tumɓuke ta ba tare da ya tambayi kowa ba. Ana samun irin wannan yankewa dubun-dubata a kowace shekara, kuma aikin titi ne kan gaba wajen haddasa ta. Ga ɓarayin batir da na man gas da na kebul. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. Umarnin ya yi daidai. Sai dai kwamishinan ayyuka na jiha ne ke ba da kwangilar hanya, kuma har sai ya rubuta a cikin yarjejeniya cewa wanda ya yanke igiya shi zai biya, direban katafila ba zai san da wani umarni ba.

Sai wutar lantarki, wadda ita ce uwar matsalolin. A ƙasashen da wuta ta zauna, turke na jone da layin gwamnati, janareta na ajiye don ko-ta-kwana. A nan janareta ne ke aiki dare da rana a dubban wurare. Litar man gas da ba ta kai Naira 300 ba a 2021 ta haura 1,000 cikin shekaru biyu zuwa uku, darajar Naira ta zube, kayan aikin kuma duk da dala ake sayo su. Shi ya sa da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, ban yi mamaki ba, ko da yake na san wanda zai ji a jikinsa. Abin da ya kamata a ɗaure kamfanoni da shi bayan ƙarin shi ne inganci da faɗaɗawa, a kuma riƙa wallafa sakamakon jiha-jiha yadda kowa zai gani. Arewa tana da rana fiye da yadda take buƙata. Turken da ke aiki da sola a ƙauye zai iya zama wurin cajin waya, ya ba ɗakin shan magani wutar firjin rigakafi, mutanen gari kuma su tsare shi domin sun ga amfaninsa a tukunyarsu.

Akwai kuma lokutan da gwamnati da kanta ta kashe sabis. A watan Mayun 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci, an rufe layuka a Borno da Yobe da Adamawa, bayan Boko Haram ta riga ta ƙona turaku da dama a 2012. A watan Satumban 2021 aka rufe Zamfara baki ɗaya, aka ce na mako biyu ne, wasu wuraren suka shafe watanni. Ƙananan hukumomi da dama a Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi. Na fahimci dalilin: ana son a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto da masu cinikin kuɗin fansa. Amma mu duba abin da ya biyo baya da idon basira. Ɗan bindiga yana da kuɗin sayen wayar tauraron ɗan'adam, kuma a kusa da iyaka yana iya kama sabis na Nijar. Manomin da aka kewaye ƙauyensu da dare ba shi da ko ɗaya. Shi aka hana kiran soja, shi aka hana gargaɗin ƙauyen gaba, shi aka hana karɓar ɗan abin da ɗansa ke turo masa daga kudu. Mutane suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa ko Zariya don kira ɗaya, a kan hanyoyin da ake sace mutane. An buɗe layuka daga baya, ta'addancin kuma bai ƙare ba. Ina ganin duk gwamnatin da za ta sake tunanin wannan mataki, wajibi ne ta fara gaya wa jama'a abin da na baya ya haifar.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne gwamnati da kanta ta mayar da sabis tilas. Jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Daga ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN ko a rufe shi. A farkon 2023, da canjin kuɗi ya sa takardar Naira ta ɓace, aka ce kowa ya koma taransifa da POS. Tallafin gwamnati ta waya, rajistar manoma ta waya, tura sakamakon zaɓe daga rumfa ta intanet. Hukumar da ta ɗora wa ɗan ƙasa duk wannan ta ɗauki alhakin kai masa sabis, kamar yadda wadda ta ce a sa yara makaranta ta ɗauki alhakin gina aji. Don haka ne ma dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, wanda ake zuba wa wani kaso na kuɗin da kamfanoni ke biyan NCC, domin a kai sabis inda riba ba ta kai. Ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tambayar asusun nan kowace shekara: turke nawa aka kafa, a wace mazaɓa, guda nawa ke aiki har yanzu? Kwamfutocin da ake rabawa makarantun da ba su da wuta ba su ne aikin ba.

Shirin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin Minista Isa Ali Pantami, ya sa burin kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a. Ba a kai ba. Yanzu Minista Bosun Tijani na maganar shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba a kan kusan dala biliyan biyu. Ina fatan a yi, kuma ina fatan wakilanmu za su nemi ganin taswirar tun kafin a fara haƙa. An yi gwanjon 5G a Disambar 2021, Starlink ta fara aiki a Janairun 2023, duk abin maraba ne, amma na masu hali ne a manyan birane. Kaso mai tsoka na 'yan ƙasar nan har gobe da ƙaramar waya mai madannai suke amfani, kuma buƙatarsu ita ce kira ya shiga, lambar banki ta amsa.

A cikin wannan hayaniya ta data, akwai abin da muke bari yana mutuwa a hannunmu, wato rediyo. Babu al'ummar da ta riƙi rediyo kamar Hausawa. Tun da gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, akwatin nan ya shiga gona, ya shiga kasuwa, ya rataya a kafaɗar makiyayi. Muryar Kaduna a gajeren zango, mita 49, ta riƙa kaiwa Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana, masu zaɓi-sonka suna gaisa da juna daga garuruwan da ba su taɓa takawa ba. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Bayan an buɗe fagen ga 'yan kasuwa a 1992, tashoshin FM suka yawaita. Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 ta canza yadda ake siyasa a birnin. Sai dai FM ba ta da dogon zango. Tana cika birni da kewayensa, ta bar na nesa. Manyan na'urorin matsakaici da gajeren zango na gidajen gwamnati, waɗanda su ne ke ratsa daji, da yawansu sun tsufa, wasu sun yi shiru, domin suna shan wuta da mai, kuma ba a ware musu kuɗin gyara.

Sakamakon shi ne mutumin ƙauye mai nisa ya fi samun labarin ƙasarsa daga Landan ko Bon fiye da daga babban birnin jiharsa. Hatsarin dogaro da na waje ya fito fili a Maris na 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi tsit a rana ɗaya, ba tare da an shawarci mai sauraro ko ɗaya ba. Rediyo ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar iya karatu, batir biyu sun ishe shi mako da makonni, kuma ranar da ambaliya ta cinye turke ko aka rufe layuka, shi kaɗai ke saura. Maƙwabciyarmu Nijar, da ƙarancin abin hannunta, tana da gidajen rediyon karkara fiye da ɗari, masu magana da harshen mutanen wurin a kan farashin gero da rigakafi da rikicin manoma da makiyaya. Mu sai a 2015 aka fara ba da lasisin irinsu, kuma 'yan ƙalilan ne.

Na talabijin ba sai an ja shi ba. Ƙasar da ta buɗe tashar talabijin a Ibadan tun 1959 ta sa wa kanta wa'adin komawa tsarin dijital a 2012, ta saɓa, ta sa 2015, ta saɓa, ta sa 2017, ta saɓa. An ƙaddamar a Jos a 2016, aka yi 'yan jihohi, aka tsaya. Jama'a suka gaji da jira suka sayi dish da dikoda. Asarar ba ta tsaya a hoto ba, domin zangon iskar da tsohon tsarin ya mamaye yana cikin mafi dacewa da kai intanet wurare masu nisa da turaku kaɗan.

Yawancin abin da na lissafa ba sai an jira Abuja ba. Yafe kuɗin haƙa, hana garƙame turaku, sa sharaɗin igiya a kwangilar hanya, ba da fili kyauta da tsaro ga turken ƙauye, gyara na'urar rediyon jiha, duk suna cikin ikon gwamna da majalisar dokokinsa. Ƙungiyar gwamnonin Arewa 19 na iya zama ɗaya ta amince da farashi guda da ƙa'ida guda daga Kwara zuwa Borno, yadda kamfanin da zai ja igiya daga Abuja zuwa Maiduguri ba zai yi ciniki da hukumomi goma a hanya ba. Kowane shugaban ƙaramar hukuma kuma ya san mazaɓun da babu sabis a yankinsa, kansilolinsa na iya rubuto sunayensu cikin mako guda. A tattara jerin, majalisar jiha ta gayyaci NCC da kamfanoni da masu kula da asusun USPF, a ɗauki ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya a ji nawa kowanne zai ci da kuma wanda zai biya, a karanta amsar a rediyon jiha da Hausa da Fulatanci da Kanuri.